Tsuntsun Dada da Wutsiyar Turanci

A gidanmu na Tarai murhun Dada ne yake riga kowanne kamawa, shi ne kuma na ƙarshen mutuwa. In an kwashe tuwon dare sauran mata sukan zare itacensu su yayyafa masa ruwa, ita kuwa sai ta bar guntu ɗaya yana ci a hankali, wai ƙasusuwanta ba sa shiri da sanyin bayan kaka. A bakin wannan murhun muke taruwa da zarar an sallame isha'i, kowa da ƙwaryar gyaɗa a gabansa, domin Dada ba ta yi wa hannun da ke zaune tatsuniya. Kana ɓara tana faɗa. In ta ji ƙarar ɓawo ta ɗauke, ita ma sai ta ɗauke, ko da kura ta riga ta buɗe baki.

Dada ita ta haifi Babanmu. A ruga aka haife ta, can wajen Fassi, aure ne ya shigo da ita gari, kuma har ta bar duniya Hausarta ba ta rabu da ɗanɗanon Fulatanci ba. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ban taɓa ganin mai tambaya irinta ba. In mai gyaran rediyo ya zo gidan, sai ya gaya mata inda muryar take kwana in an kashe. Masu rigakafi ba sa fita sai sun faɗa mata abin da ya sa maganinsu yake tafiya cikin ƙanƙara. Ba gardama take nema ba, so take ta sani, in kuma ta samu amsa takan daɗe tana juya ta a baki kamar goro.

Shekarun nan ne da soja suka koma bariki, aka kuma ƙaddamar da shari'a a Kano. Gari ya cika da magana. Ga motocin 'yan siyasa da lasifika, ga wa'azi a rediyo safe da yamma, ga kiran a sa yara a makaranta. Wata rana Dada ta ji wani mai wa'azi yana cewa tatsuniya ƙarya ce ake koya wa yara. Ta saurara har ya gama, ta ce malamin bai rasa gaskiya ba, daga ranar ta sauya yadda take buɗe tatsuniyarta da yadda take rufewa, amma ba ta fasa ba. Kiran makarantar kuwa ta ɗauke shi gaba ɗayansa ta ɗora wa Baffa Buba.

Baffa Buba yayan Babanmu ne, shi ya riƙe shanun gidan, yana yawon kiwo da iyalinsa. Yana da 'ya, Saude, wadda ta ba ni shekara biyu ko uku. Dada ta yi ta binsa da magana har ya gaji ya kawo yarinyar gidanmu riƙo, aka sa mu aji ɗaya. Amma ya gindaya sharaɗi. Duk shekara in shanu suka zo cin kara a gonakin gari, kafin su yi kudu, zai zaunar da ita ya tambaye ta ko za ta zauna ko za ta bi su, abin da ta zaɓa kuma ba mai ja. Kowace shekara takan sunkuyar da kai ta ce za ta zauna.

Yaya Saude ba ta da yawan magana. Ta zo mana Hausarta tana tangal-tangal, ba ta gama tsayawa a kanta ba aka ɗora mata Turanci. Ita ce doguwar ajinmu, a bencin baya take zama, ba ta ɗaga hannu sai ta tabbata. Ni kuwa bakina ba ya hutawa, ko na sani ko ban sani ba hannuna yana sama.

Muna aji biyar aka kawo mana sabon malamin Turanci, Malam Sabi'u, saurayi ɗan Rano mai zuwa a keke. Ba mugu ba ne, sanda ma ba ya riƙewa. Shi dai yana son aji ya ɗauki zafi, yara su yi ta amsawa da ƙarfi. Ranar da zai koya mana yadda ake kwatanta abu biyu, ya shigo da duwatsu a aljihu. Ya ɗaga ƙarami ya ce big, ya ɗaga babba ya ce bigger, ya nuna mana yadda harafin ƙarshe yake ninkuwa. Ya karya kara gida biyu ya yi mana long da longer. Da kayansa suka ƙare sai ya duba aji, ya kira ni, ya kira Yaya Saude, ya jera mu a gaban allo. Ya ce Saude is taller than Binta, aji ya amsa. Ya ce Saude is older than Binta, aji ya amsa, har da 'yar dariya. Ina jin ya ga duk misalan sun tafi gefe ɗaya ne, ya so ya ba ni nawa rabon. Sai ya juya ya rubuta Binta is cleverer than Saude, ya fassara da Hausa don kowa ya gane, wato Binta ta fi Saude ƙwaƙwalwa. Aji ya rera shi kamar yadda yake rera komai. Sannan ya ce kowa ya kwafa. Na leƙa bencin baya na ga Yaya Saude tana rubuta shi da hannunta, harafi bayan harafi, ba ta ɗago ba.

A hanyar gida yara maza suka mayar da shi waƙa. Ni dai na rasa inda zan sa idona. Washegari ta ce kanta yana ciwo. Ciwon kan ya ƙi sauka, har wata safiya na ga ta wanke yunifom ɗinta ta ninke ta miƙa wa Innarmu, ta ce a ajiye wa ƙannena, bana ita za ta bi shanu. Shanun kuwa sun riga sun iso, da yamma ana jin kukansu a bayan gari. Baba ya ce shi ba zai tilasta ta ba, alkawari ya yi da yayansa.

Da muka taru a bakin murhu, Yaya Saude ta ja ƙwaryarta can inda hasken wuta ba ya kai wa sosai. Dada ta gyara itace, ta dube ni ta ce in gaya mata wane irin karatu ne aka yi da yake sa ciwon kai ya ƙi sauka. Na fara kame-kame, ta ce ba rigimar take tambaya ba, karatun take son ji.

Sai na shiga yi mata bayani. Na ce in Bature zai ce abu dogo ne sai ya ce tall, in kuma ya fi wani tsawo sai ya ce taller. Ta sa na maimaita. Ta gwada da kanta, ya fito mata tola, muka yi dariya har da ita. Na ƙara mata da small da smaller. Ta ajiye gyaɗar hannunta.

"Tsaya, Binta. Wato su in abu ya fi abu ba sa cewa ya fi? Wutsiya kawai suke ɗaura wa kalmar?"

Na ce kusan haka ne. Abin ya ba ta mamaki ƙwarai. Ta ce Bahaushe yana da fi, Bafulatani yana da ɓuri, kowacce kalma ce mai tsayawa da ƙafarta, ashe akwai mutanen da a wutsiya suke ajiye fifiko. Ta tambaya ko kowace kalma ce take karɓar wutsiyar. Na ce a'a, in kalma ta yi tsawo kamar beautiful ba a ɗaura mata, sai a sa more a gabanta. Nan ta gyaɗa kai kamar an zo inda ta sani. Ta ce wannan hankali ne, ɗan maraƙi ka iya juya shi ta wutsiya, amma babban sa sai da igiya ta gaba.

Daga nan ta ce in faɗa mata da Turanci, wance ta fi wance. Na ce ta fi ta me? Ta ce ba komai, ta fi ta kawai, yadda mata suke faɗa a gidan biki. Na yi ta lalube na rasa. Na ce ai wutsiyar sai da kalmar da za a ɗaura wa, dole a ce tsawo ne ko ƙiba ko sauri. Dada ta ce ashe a wannan wurin su ba sa iya yin rabin magana.

Daga duhu muka ji muryar Yaya Saude, karo na farko a daren. "Ai Malam ba rabi ya yi ba, Dada. Ya faɗi ko a me. Ƙwaƙwalwa ya ce."

Dada ta ce ta ji. Ta tura itacen ciki kaɗan, ta ce, "Ga baƙuwa nan a ƙofa." Muka amsa yadda ta koya mana, "Ta shigo, akwai tabarma."

Ta ce a wani gari ne mai rijiya ɗaya da kasuwa ɗaya, wani maharbi ya kamo tsuntsu mai farin zobe a ido ya kai wa mai gari. Tsuntsun ba ya kuka, ba ya waƙa. Amma in aka ajiye abu biyu a gabansa sai ya karkata kai ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya nuna ɗaya da baki ya ce, "Wannan ya fi." Aka gwada shi da gora biyu a rufe, ya nuna ɗaya, aka buɗe aka tarar da zuma a ciki, ɗayar kuwa ruwa. Mata suka rangaɗa guɗa, makaɗa suka buga ganga. Daga ranar, da tsuntsu ya ce ya fi, sai guɗa da ganga su tashi, ba a ƙara jin komai.

Da farko raguna ake kawo masa da damman gero. Sai wata rana aka kawo magina biyu na garin. Ya nuna ɗaya. Wanda ba a nuna ba ya kwana bai yi barci ba, da asuba ya ɗaure kayan aikinsa ya haye rafi. Aka kawo masu haƙar rijiya biyu, aka kawo ungozoma biyu, aka kawo mahauta, har mai gari ya kawo 'ya'yansa maza. Kowane karo ɗaya ya sha guɗa, ɗaya ya haye rafi. Waɗanda suka rage suka ce yanzu garinsu na zaɓaɓɓu ne. Ba su daɗe ba suka fara kai junansu gaban tsuntsun, don kowa yana son ya san matsayinsa a cikin zaɓaɓɓun, gari ya ci gaba da raguwa.

Damina ta zo, ɗakunan da zaɓaɓɓen magini ya gina suka zube. Rijiya ta rufta, zaɓaɓɓen mai haƙa ya leƙa ya ce shi jiri yake ji. Mutane suka rasa gane kan abin, don tsuntsun bai taɓa ƙarya ba.

To akwai wata tsohuwa a garin mai nauyin kunne. Rannan aka kai ta gaban tsuntsu ita da ƙanwarta, a kan wa ta fi iya daddawa. Lokacin makaɗa duk sun haye rafi sai ɗaya, shi ma gangarsa ta fashe, masu guɗa kuma yunwa ta kashe musu murya. Tsuntsu ya nuna ƙanwar ya ce, "Wannan ta fi." Wuri ya yi tsit. Tsohuwa ta kara hannu a kunne ta matso ta ce ba ta ji ba, ta fi me? Tsuntsu ya girgiza fukafukai ya ce, "Ta fi yawan atishawa."

A nan Dada takan shaƙe murya ta yi maganar tsuntsun ta hanci, har yau ina jinta. Tsuntsu ya ce tun da aka kawo shi garin nan ba a taɓa bari ya kai ƙarshen maganarsa ba, yana buɗe baki ake rufe shi da ganga. Mai gari ya ce to maginin nan fa? Ya ce ya fi ɗan'uwansa minshari. Mai haƙar rijiya fa? Ya fi faɗin ƙafa. Ɗansa da aka zaɓa ya gaje shi fa? Ya fi wansa tsoron kyankyaso. Gorar zuman farko ma, in ji shi, ba zaƙi yake nufi ba, cewa zai yi ta fi tara ƙuda.

Muka yi ta dariya har ƙanena ya kifar da ƙwaryarsa. Dada ta jira muka tsince gyaɗar, sannan ta ce an aika hayin rafi a ba mutane haƙuri. Wasu suka dawo. Wasu suka ce sun gode, sun riga sun haƙa rijiyarsu, ruwanta kuma ya yi musu. Ta rufe da cewa, "Nan baƙuwa ta sauka. Ƙaryar ciki tawa ce, ku bar mini abata. Gaskiyar ciki ku raba."

Na juya ina duban Yaya Saude, ina tsammanin shi ke nan an gama. Ta yi dariya a wajen kyankyason, na ji ta. Amma da aka yi shiru sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, tsuntsun Malam shi ya ƙarasa maganarsa. Dada ta ce haka ne, sai dai tsawo a jingina mutum da bango a auna, ita ba ta san bangon da ake jingina ƙwaƙwalwa ba. Na ga alamar tatsuniyar ta wuce ta gefen Yaya Saude ne kawai.

Muna shirin tashi Dada ta koma kan wutsiyarta, don abin bai sake ta ba. Ta ce to abu mai kyau fa, yaya suke ce masa? Na ce good. In ya fi kyau fa? Na ce better. Ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta ɓata fuska kamar an ba ta canji bai cika ba.

"Wannan ai ba wutsiya aka ɗaura ba, dabbar aka sauya gaba ɗaya. Ina gud ɗin ya tafi?"

Na ce haka Malam ya ce mu haddace. Ta ce ba ta tambayi abin da aka ce mu haddace ba, dalili take nema. Na ce gobe zan tambayo mata. Ta ce a'a, ni in aka aike ni da magana nakan dawo da ita da gishiri da yaji, har mai ita ba ya gane ta. Ta juya wajen duhun.

"Saude, ke ce mai kawo magana yadda aka ba ki, kamar madarar da ba a sa wa ruwa ba. Ki je ki tambayo mini ki dawo. Ban ce ki zauna ba."

Da safe na shirya na fita ni kaɗai. Ana tsakiyar darasin Turanci sai ga sallama a ƙofar aji. Yaya Saude ce, da zanenta na gida da hijabi, ba jaka ba littafi, ta tsaya a bakin ƙofa kamar 'yar aike, don 'yar aiken ce. Ta gaida Malam, ta ce kakarta ce ta aiko ta, tana tambaya me ya sa tall yake zama taller amma good ba ya zama gooder, kuma ina good ɗin yake tafiya. Wani yaro ya fara dariya, Malam ya ɗaga masa hannu. Ya tsaya da alli a hannu ya ce ta gaya wa Dada gaskiya shi ƙa'idar ya sani, dalilin bai sani ba, ba a kuma taɓa tambayarsa ba. Ya ce akwai tsohon malaminsu a Rano mai manyan littattafai, zai je ya tambayo, ta dawo bayan kasuwa ta karɓi amsa. Kafin nan ta kai wa Dada tsaraba, akwai wani ma irinsa, bad yana zama worse.

Ya bi ta waje suka yi 'yar magana da ban ji ba. Da ya dawo ya ce kowa ya buɗe littafinsa ya soke jimlar nan ta rannan, ya ba mu wata a kan saniya da akuya. Sai daga baya Yaya Saude ta gaya mini cewa ya ce mata misalin bai dace ba, ta yi haƙuri.

Tsarabar ta ƙara rikita Dada. Ta ce wato mai kyau da marar kyau, su biyun da aka fi bukata, su ne suka ƙi wutsiya. Ta kwana tana maimaita better da worse, suna fito mata beta da was, ta tashi da su. Na yi tayin in karɓo mata amsar, ta ce aiken ba nawa ba ne. Haka Yaya Saude ta koma, ta tarar Malam bai samu tsohon a gida ba, ta sake komawa. A zuwa na biyun ya ce tunda ta zo ta shigo daga rana ta jira a tashi. Ta shiga ta zauna a bencinta na baya da zanen gida.

Ranar da amsa ta zo, ta kawo ta bakin murhu, wannan karon a cikin haske ta zauna. Ta faɗe ta tiryan-tiryan yadda aka ba ta. Ta ce Malam ya ce tsohon ya ce better ba good ce ta haife shi ba. A can da akwai wata kalma mai ma'anar alheri, ita ce uwarsa, shi wutsiyarta ne. Sai aka daina faɗarta har ta mutu, shi ya rage ba kowa, good kuma ba ta da nata, sai ta ɗauke shi.

Dada ta ajiye gyaɗar hannunta. Sannan ta ce, "Ashe ɗan riƙo ne. Shi ya sa bai yi kama da gidan ba. To ai ya zauna da kyau." Ta ɗebi gyaɗa ta ci gaba da ɓara, ta ce saura was, shi ma a binciko mata danginsa.

Ba a jima ba kara ya ƙare a gonaki, Baffa Buba ya zo yin sallama. Ya zauna a zaure da sandarsa a kafaɗa, aka kira Yaya Saude. Ya riga ya ji labari a gari cewa bana da 'yarsa zai tafi, har ya sayo mata takalmin roba na tafiya. Ya yi mata tambayar da ya saba. Ta sunkuyar da kai ta ce za ta zauna, akwai abin da aka aike ta ba ta gama tambayowa ba. Baffa ya leƙa tsakar gida yana neman idon mahaifiyarsa, ita kuwa ta duƙufa tana hura wuta. Ya bar mata takalmin ya tafi.

Yau Yaya Saude ma'aikaciyar lafiya ce a Kibiya, rabin yaran unguwarsu a hannunta suka faɗo. Ni kuma Turanci nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Rano. In na zo kan wannan darasin nakan fita da ɗalibai waje in nuna musu duwatsun garin, wannan ya fi wancan tsawo, wancan ya fi wannan faɗi. Dutse ba ya jin ciwo. Ban taɓa jera yara biyu a gaban allo ba.

Na daɗe ina ɗauka don Yaya Saude aka yi tatsuniyar nan, don a gaya wa wanda ya haye rafi cewa bai rasa komai ba. Sai da na je kwaleji a Kano na gane ni ma ina ciki. A can na tarar da 'yan matan da suka tashi da Turanci a bakinsu, sakamakon farko ya fito ina can ƙasa, na kwanta a ɗakin kwana ina jin kamar an ce mini ni ba kowa ba ce. Ashe tun aji biyar nake zaune a garin zaɓaɓɓu, na sha guɗa ban taɓa tambayar ko a me ba. Wanda tsuntsu ya nuna ma an cuce shi, sai dai shi ba ya ganewa da wuri.

Abu ɗaya ne ya ci gaba da yi mini yawo a kai bayan rasuwar Dada. Na kasa yanke ko da gaske take son sanin inda good ya tafi, ko kuwa dabara ce irin ta manya don ta mayar da jikarta aji ba tare da ta karya alkawarin ɗanta ba. Ni da nake malama na fi karkata ga dabara, har nakan ba abokan aikina labarin a haka. Bara da sallah na je Kibiya, muna zaune a tsakar gidan Yaya Saude tana tankaɗe, na kawo mata zancen. Na ce tsohuwar nan ta iya shiri, dubi yadda ta ɗana miki tarko kika faɗa.

Ta dakata da rariya a hannu ta dube ni. Ta ce ni nakan yi barci da wuri shi ya sa ban sani ba, amma ita da take kwana ɗakin Dada ta sha jin ta da asuba, bayan ta idar da salla, tana ta maimaita kalmomin nan ita kaɗai tana gyara bakinta. Ta ce har a ciwonta na ƙarshe ta tambaye ta ko an gano dangin was.

"Ni fa a lokacin jira nake wani ya lallashe ni in ƙi," in ji ta. "Da dabara ce da na gane, da kuma ban koma ba. So take ta sani, Binta. Ni kuma aka aika."